Yadda ake kare kayan ɗaki daga faratan kyanwa

Duk wanda ya taɓa ajiye kyanwa a ɗaki ya san irin ɓarnar da faratanta kan yi wa kujerun kushin, da labule, da kafet, har ma da ƙafafun gado.

A gidajen da kyanwa ke yawo a tsakar gida tana farautar ɓeraye, ba a cika jin wannan koke ba, domin takan huce a jikin bishiya ko turmi ko tsohuwar tabarma. Matsalar takan taso ne idan aka rufe ta a gida mai falo da kujeru masu tsada, kamar yadda ake yi a biranen Turai da Amurka, da ma gidaje da dama a manyan biranenmu.

Likitocin dabbobi dai sun yi ittifaƙi a kan abu guda: ba a iya hana kyanwa yakushi. Abin da ake iyawa shi ne a sauya mata wurin da take yin sa.

Me ya sa take yakushi?

Kyanwa na da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Faratan kan tsiro ne hawa-hawa kamar ɓawon albasa, kuma idan na saman ya tsufa ya dakushe, sai ta karce shi a jikin wani abu mai kaushi domin ya faɗi, sabo mai kaifi ya bayyana. Shi ya sa akan tsinci wasu 'yan ɓawo masu siffar farce a gindin kujera.

Dalili na biyu shi ne shata iyaka. A tsakanin yatsun kyanwa akwai wasu ƙananan kafofi da ke fitar da wani wari wanda hancin ɗan Adam ba ya ji, amma sauran kyanwoyi na jin sa. Idan ta yakushi abu, ta bar shaida biyu ke nan, wadda ake gani da wadda ake shinshinawa. Wannan ne ke sa ta riƙa komawa kusurwa guda ta kujera guda, galibi kusa da ƙofa ko inda mutanen gida suka fi zama.

Na uku kuwa miƙa ce. Takan kafa faratanta ta ja jikinta domin ta ware kafaɗu da gadon baya, musamman idan ta tashi daga barci.

Saboda haka zargin da wasu ke yi cewa mugunta ce ko ramuwa ba shi da tushe. Amma damuwa na iya ƙara yawan yakushin. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2024, wanda aka ji ta bakin masu kyanwa fiye da 1,200 a Faransa, ya gano cewa ɓarnar ta fi yawa a gidajen da ke da ƙananan yara, da kuma wajen kyanwoyin da ke yawan kai-komo da dare.

Cire farata, da dokokin da suka hana shi

Shekaru da dama, wani maganin da ya karɓu a Amurka da Kanada shi ne a kai kyanwa asibitin dabbobi a yi mata tiyatar cire farata baki ɗaya.

Sunan aikin na da ruɗarwa, domin mai sauraro zai zaci yankan farce ne irin wanda aka saba. Gaskiyar magana ita ce farcen kyanwa daga jikin ƙashi yake tsirowa, don haka ba ya ciruwa sai an guntule ƙashin ƙarshe na kowane yatsa. Kwatankwacinsa a jikin mutum shi ne a datse masa yatsu daga gaɓar da ke ƙasa da farce.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne kyanwa a kan yatsunta take takawa, ba a kan tafin ƙafa ba. Idan aka cire ƙashin, yanayin takunta kan sauya.

Wani bincike da aka fitar a shekarar 2017 ya kwatanta kyanwoyi 137 da aka yi wa tiyatar da wasu 137 da ba a yi musu ba. Hoton ƙashi ya nuna cewa kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin na ɗauke da ragowar ɓurɓushin ƙashi a yatsunsu. An kuma same su sun fi fama da ciwon baya, sun fi cizo, sun kuma fi yin fitsari ko kashi a wajen da ba nan aka tanadar musu ba. Wato mai gida na iya tsirar da kujerarsa daga yakushi, ya wayi gari ana yi masa fitsari a kanta.

A nahiyar Turai, yarjejeniyar kare dabbobin gida ta shekarar 1987 ta haramta wannan tiyata sai dai idan rashin lafiya ce ta tilasta. A Ingila dokar jin ƙan dabbobi ta 2006 ta sanya ta cikin ayyukan nakasa dabba da aka hana, kodayake tun kafin dokar likitocin ƙasar ba su cika yarda su yi ta ba. Isra'ila ma ta hana a 2011.

A Amurka kuwa an daɗe ana taƙaddama. Garin West Hollywood da ke jihar Kalifoniya ne ya fara kafa dokar hani a 2003, sannan biranen Los Angeles da San Francisco suka bi sahu a 2009. Jihar New York ta zama ta farko da ta hana a faɗin jiha, bayan da gwamnanta na lokacin, Andrew Cuomo, ya sa hannu a kan dokar a watan Yulin 2019, tare da tarar da za ta iya kai dala 1,000. Jihar Maryland ta biyo baya a 2022, daga nan wasu jihohin suka shiga layi.

Masu adawa da dokokin dai na cewa idan aka rufe wannan ƙofa, wasu masu gida za su gwammace su yi watsi da kyanwoyinsu a titi. To sai dai masu goyon baya na mayar da martani da cewa cizo da ƙazantar da ke biyo bayan tiyatar su ma suna sa a kori kyanwa daga gida.

Abin da ya fi aiki

Hanya mafi inganci ita ce a samar wa kyanwa abin yakushi nata na kanta, wanda zai fi kujerar daɗi a wajenta. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: sukan sayo ɗan guntun abu mai rawa, su ajiye a lungu, kyanwa ta ƙi kula shi, su ce ba ya aiki.

Wani nazari da aka wallafa a 2016, bisa amsoshin masu kyanwa fiye da 4,000, ya nuna cewa kyanwoyi sun fi son turke a tsaye wanda aka naɗe da igiya mai kaushi, mai tsawon ƙafa 3 ko fiye, wato kimanin santimita 90. Tsawon na da muhimmanci domin ta samu miƙewa sosai, kuma tilas gindinsa ya kasance da faɗi da nauyi, domin kyanwa ba ta amincewa da abin da ke girgiza.

Ba sai an sayo na kanti ba. Kafinta na iya kafa katako a kan faffaɗan allo, a naɗe shi tam da igiyar rama. Kututturen itace da ɓawonsa ma ya wadatar. Kyanwar da aka lura ta fi son kartar kafet kuwa, a ba ta kwali mai kauri a shimfiɗe a ƙasa.

Wurin ajiyewa shi ne rabin aikin. A fara ajiye turken daf da kujerar da take lalatawa, da kuma kusa da makwancinta. Idan ta saba, sai a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da ta yi amfani da shi a ba ta ɗan abin taɓawa. Kada a kama dagin nata a goga da ƙarfi, domin hakan kan sa ta tsani wurin.

A daidai wannan lokaci sai a sa kujerar ta fita daga ranta. Akan rufe kusurwar da leda mai kauri, ko takardar alminiyom, ko salatif mai manne ta fuska biyu, domin kyanwa ba ta son abu mai santsi ko danƙo a ƙafarta. A kuma wanke wurin da sabulu don warin da ta bari ya gushe. Idan za a fita, rufe ƙofar falo ya fi kowace dabara sauƙi.

Duka da tsawa ba sa magani. Abin da kyanwa kan koya daga gare su shi ne ta ji tsoron mai gida, ta jira ya fita.

Wanda zai sayi sabbin kujeru kuma yana da kyanwa, ya lura da yadin. Mai sakwarkwacin saƙa wanda farce ke iya maƙalewa a ciki shi ya fi jan hankalinta, yayin da mai santsi irin na karan-miski bai cika burge ta ba. Fata kuwa, ko sau ɗaya aka karce ta, tabon ya zauna.

Yankan farce

Rage tsinin faratan duk bayan mako biyu zuwa huɗu na rage ɓarna ƙwarai. Akan danna yatsan a hankali har farcen ya fito, sannan a datse farin bakin kawai. Ɓangaren da ke da launin ja-ja a ciki na ɗauke da jijiyoyi da jini, kuma yanke shi na da zafi. Idan aka yi kuskure jini ya fito, a danna wurin da garin sitaci har ya tsaya. Kada a kuskura a ba kyanwa farasitamol da sunan rage mata zafi, domin ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Akwai kuma 'yan hulunan roba da ake manna wa faratan da gam, waɗanda kan faɗi da kansu bayan mako huɗu zuwa shida a sake sa wasu. Sun dace ne kawai da kyanwar da ba ta fita waje. Wadda ke kwana a tsakar gida tana buƙatar faratanta da kaifinsu domin kama ɓera, da kuma haye katanga idan kare ya biyo ta.