Dalar gyaɗa: wa ya tallafi wa?

Duk lokacin da aka taso da zancen tallafin noma, sai wani ya ɗora hoton dalar gyaɗa ta Kano, ya ce a da can gwamnati na ji da manomi. Jama'a, mu ɗan duba tarihin da kyau.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Kuɗin noman kuwa ba daga banki ya fito ba. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata ne ke karɓo kuɗi daga kamfanonin Turawa, su rarraba wa yaransu, yaran su shiga ƙauyuka su ba manomi tun kafin kaka, ya biya da gyaɗa. Ba takardar gona ake jinginarwa ba, amana ce da sanayya.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya. Rarar da ta taru aka zuba a ayyukan gwamnati, har da masaƙar Kaduna ta 1957. Wato dai manomi ne ya riƙa tallafa wa gwamnati.

Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka afko, yawancin manoma ba su da wata ajiya da za su dogara da ita. A 1986 aka rushe hukumomin gaba ɗaya.

Saboda haka in an zo muku da sabon shirin bashin noma, ku fara da tambaya biyu: wa zai yanka farashi da kaka, kuma a wane gari ribar za ta kwana?