Idukal-n-Tages, dutse mafi tsawo a Nijar

Idukal-n-Tages shi ne ƙololuwar tsaunukan Bagzan da ke ƙasar Abzin, a jihar Agadez. Tsawonsa mita 2.022 ne daga saman teku, alhali birnin Maradi bai kai mita 400 ba. An daɗe ana ba dutsen Grebun, mai mita 1.944, wannan matsayi a taswirori, kafin awo ya nuna ba haka ba ne.

Mai niyyar hawa daga Maradi, Tibiri ko Jiratawa sai ya fara isa Agadez, ta Tawa ko ta Damagaram, sannan ya nufi Tabelot, a gindin tsaunukan. Daga nan tafiyar ƙasa ce, jakai na ɗauke da ruwa da guzuri, cikin hanyoyi masu duwatsu da ke sa baƙo ya ɓace in babu ɗan jagora. A lokacin ɗari, sanyin dare kan kai ga daskarar da ruwa.

Saman Bagzan ba kufai ba ne. Akwai ƙauyukan Abzinawa masu noman albasa da tafarnuwa a bakin maɓuɓɓugai, sai dai ƙololuwar kanta ba kasafai ake hawanta ba.