Katirel a gasar Paris-Dakar: tarihin da ya kamata samarin Tsibiri da Maraɗi su sani



Duk wanda ke kwana kusa da gudron ɗin Maraɗi zuwa Tsibiri ya san ƙarar da muke nufi. Daren biki, an kai amarya, sai samari su ɗauko ƴar Starlet ko moto, an huda salansa, a yi ta juyi ƙura na tashi, yara na ihu a bakin hanya. Wasu iyaye sun yi mana magana a kai, wasu samarin kuma sun ce mana su gudu suke so, ba ɓarna ba. To, shi ya sa yau muka ɗauko wani tarihi da ya bi ta ƙasar nan tamu, na wata ƙaramar mota da aka gyara ta shiga tsere. Akwai abin ɗauka a ciki ga kowane ɓangare.

Labarin ya faro ne a 1977. Wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine yana cikin gasar Abidjan zuwa Nice a kan moto, sai ya ɓace a hamada, can wajen iyakar Nijar da Libiya. Da ƙyar aka tsinto shi da rai. Maimakon ya ce ya tuba, sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset, suka shigo Agadas, suka bi Yamai, Gao da Bamako, tafiyar kusan kilomita 10,000. Ranar 14 ga Janairu 1979, guda 74 ne kawai suka ga Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha.

Amma mu ba shi ne ya ja hankalinmu ba. A cikin ayarin akwai wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, da motarsu Renault 4, wadda dattawanmu suka sani da Katirel. Motar talaka ce a Faransa, ta masu kai wasiƙa da manoma da jandarmomin ƙauye. Ita ce ta zo ta biyar a jimillar gasar, ta biyu a cikin motoci, Range Rover kaɗai ke gabanta. A 1980 suka dawo da ita ta zo ta uku. A 1982 suka ci gasar gaba ɗaya da Renault 20 da suka gyara. Turawa suka laƙaba musu suna dilolin hamada.

Me suka yi wa Katirel ɗin nan? Sun sa mata tsarin kamfanin Sinpar, wanda ke sa ƙafafu huɗu duka su ja. Sun ƙarfafa ƙasanta da abin da ke riƙe da tayoyi don ta jure gargada. Sun ɗora mata injin Renault 5, sun kuma ɗaga bututun hayaƙi suka bi da shi ta saman rufi, don kada dutse ko rairayi ya tsinke shi. Sauran kuwa ita motar ce ta zo da shi daga gida: ba ta da nauyi. Inda babbar mota ta kafe sai an yi awa ana haƙa, ita mutum biyu na iya tura ta ta fita. Ga kuma direbobin da suka san kowane noti na jikinta, domin da hannunsu suka ɗaura. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan gasa an ga haka da ido: masu ƙarfin inji da dama sun kwana a hanya.

Mu ma muna da tamu irin motar. Peugeot 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Ita ce dai ta yi shekaru tana jigilar Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, cike da mutane da buhuna. Makanikanmu na wancan zamani sun iya ƙarfafa mata sifirin, su ɗaga bayanta, su gyara mata lagireto don zafin bazara. Wato aikin da ƴan Marreau suka yi don tsere, iyayenmu sun yi irinsa don neman abinci. Sai dai mota mai ƙarfi ba ta isa ita kaɗai ba. A 1982, Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya cikin 504, sai da jirgin sama ya gano su.

Daga 1983 gasar ta fara ratsa Tenere. A shekarar ne guguwar rairayi ta tashi, ƴan tsere wajen 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwanaki yana bin su da jirgi mai saukar ungulu har aka tattaro su. Agadas da Dirku suka zama sunayen da ake ji a talbijin ɗin duniya duk watan Janairu. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa yau, yana cikin waɗanda suka yi aiki da masu shirya gasar. A 1997 ma hanyar kacokan Dakar, Agadas, Dakar ce.

To amma ba daɗi kaɗai ta bari ba. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirgin Sabine ya faɗi a Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine. An watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya a Tenere. Kuma ba ƴan tsere kaɗai suka mutu a tsawon shekarun ba. A 1988 motar gasa ta kaɗe wata yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali. Ba ta shiga tsere ba, ba ta sa hannu a takardar kowa ba, a garinsu take. Wannan shi ne ƙorafin da mutane da yawa suka yi ta yi: an mayar da hanyar ƙauye filin wasa.

Sannu a hankali kuma kuɗi suka kori masu ƙananan motoci daga sahun gaba. Kamfanin Peugeot ya shigo da injiniyoyi da manyan motocin kaya, ya ci gasar shekara huɗu a jere, 1987 zuwa 1990. A 2000, da aka iso Yamai, barazanar tsaro ta sa aka loda motocin cikin jiragen Antonov aka tsallake da su Libiya. A 2008 aka soke gasar, 2009 ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta. Suna ne kawai ya rage na Dakar.

Yanzu mu dawo gida. Saurayin da ya samu ƴar Starlet ko Corolla ta hannu daga Kwatano, yana son ya fara, tarihin nan ya riga ya jera masa aikin. A fara da birki da tayoyi masu kyau, sannan amotisa da duk abin da ke riƙe da ƙafa. A walda ƙarfen kariya a cikin motar, wanda zai hana rufi danne mutum in ta kifa. A sa kujera mai riƙe jiki da bel mai ƙarfi, a sa hular kwano, a ajiye tukunyar kashe wuta kusa da hannu. A rufe ƙasan inji da faranti na ƙarfe, a kula da matatar iska saboda ƙurarmu, a wanke lagireto. A cire kujerun baya da tarkace don rage nauyi. Ƙarin ƙarfin inji shi ne na ƙarshe, in ma an kai can. Huda salansa ƙara kawai yake ƙarawa, sai kuma fushin maƙwabta.

Abin da ya fi duka shi ne wuri. Mu mutanen Gobir da Katsina mun gaji sukuwa, kuma kowa ya san ba a sakin doki a tsakiyar kasuwa. Akwai fili, akwai rana, akwai masu tsare jama'a. Hanyar Tsibiri da ta Jiratawa kuwa ta masu amalanke ce, da ƴan kabu-kabu, da matan da ke dawowa daga lambu, da yaran lakwal. In samarinmu da gaske suke, su haɗa ƙungiya, su je wurin magajin gari da sarakuna da jandarmomi, su nemi fili bayan gari, a kewaye shi, a ajiye motar asibiti a gefe. Iyaye da hukuma kuma su saurare su, domin hani kaɗai bai tsayar da ƙarar daren biki ba har yau.

Dattawan da suka ga wucewar ayarin nan a Agadas ko Yamai, ko suka tuƙa 504 a layin Katsina, muna jiran labarinku a shirinmu na gaba. Allah ya tsare mana yaranmu, ya kai kowa gida lafiya.