Ma'anar kalmar 'cumulative' da yadda ake amfani da ita

Kalmar Ingilishi ta "cumulative" sifa ce da ke bayyana abin da ke taruwa sannu a hankali, inda kowane sabon ƙari yake hawa kan wanda ya gabace shi.

Asalinta daga kalmar Latin ce ta "cumulus", wato tsibi ko tuli. Ta shiga Ingilishi ne a farkon ƙarni na 17.

Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, don haka masu fassara kan ce "jimillar abin da ya taru", ko "tun daga farko zuwa yanzu". Karin maganar nan ta "da yayyafi kogi kan cika" ta kama ma'anar sosai.

Ɗaliban jami'o'in Najeriya sun san kalmar, domin ita ce harafin C a cikin CGPA, matsakaicin makin da ɗalibi ya tara tun shekararsa ta farko. A akasarin jami'o'in, sai makin ya kai 4.50 cikin 5.00 ake samun digiri mai daraja ta ɗaya. Saboda haka sakacin shekarar farko kan bi ɗalibi har ranar kammala karatu.

Inda kalmar ta fi tayar da jijiyar wuya shi ne batun sauyin yanayi.

Tun wajajen shekarar 2006 China ta zarce Amurka a yawan iskar carbon dioxide da take fitarwa a kowace shekara. Amma idan aka haɗa duk abin da aka fitar tun daga 1850, Amurka ce a kan gaba.

Bambancin ba ƙarami ba ne, domin wani kaso na iskar kan shafe ɗaruruwan shekaru a sararin samaniya, kuma abin da ya taru ne ke ɗumama duniya. Da wannan hujja ce ƙasashe masu tasowa, ciki har da na Afirka, suke neman ƙasashe masu arzikin masana'antu su ɗauki nauyi mafi girma.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar irin wannan adadi a matsayin halin da ake ciki a yau. A lokacin annobar korona a 2020, jimillar waɗanda suka kamu ta ci gaba da hauhawa ko a makonnin da cutar ke lafawa, tun da waɗanda suka warke ma suna cikin lissafin.