Jigo: Tarihin Ban-Ruwa a Lambunan Kakanninmu

Gabatarwa

Idan aka ce "jigo" a gaban matashin yau, hankalinsa zai tafi ga wani babba a jam'iyyar siyasa, ɗalibin adabi kuwa ya tuna da jigon waƙa ko na labari. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa akwai wani jigon na itace da laka, wanda ya daɗe yana ciyar da garuruwa irin namu a tsakiyar rani. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Don haka na ga ya dace in yi amfani da wannan fili in ɗan tsakuro tarihin wannan abin aiki, tun waɗanda suka ja igiyarsa da hannunsu ba su ƙare ba.

Yadda Ake Kafa Jigo

A bakin rafi, tafki ko rijiyar fadama ake kafa jigo. Sai a binne gwafa biyu masu ƙarfi, galibi na ƙirya saboda gara ba ta cika cin ta ba, a gitta itace a kansu. A kan wannan itace ake ɗaure doguwar sanda, ta yadda ɓangarenta na gaba zai fi na baya tsawo. A gindinta a manna ƙaton curin laka ko a ɗaure dutse, a bakinta kuma a rataya igiya da ƙwarya ko gugan fata.

Hikimar tana cikin nauyin nan na baya. Mai lambu yakan jawo igiya ƙasa har guga ya nutse, sa'annan ya sassauta, curin laka ya ɗago masa ruwan. Shi dai nasa ya tare gugan ya juye a bakin magudana. Wato da nauyin jikinsa yake aiki wajen jawowa ƙasa, maimakon ya sunkuya ya ɗaga ruwa da ƙugunsa. Daga magudana ruwa yakan bi fangali-fangali, inda yaro ke tsaye da fartanya, yana buɗe wannan yana toshe wancan. Jigo ba ya ɗaga ruwa sama da mita biyu zuwa uku, kuma abin da mutum ɗaya zai iya shayarwa da shi bai cika wuce rubu'in eka ba.

Asalinsa da Yaɗuwarsa

Jigo tsoho ne ƙwarai. Mutanen ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, wato Iraƙi ta yau, sun yi aiki da shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A Masar, inda Larabawa ke kiransa shaduf, akwai zanensa a bangon kabarin wani mai sassaƙa da ake kira Ipuy, kusa da birnin Luksor, tun zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, kimanin shekara 3,200 ke nan. A zanen ana ganin masu lambu suna jan guga, da curin laka a gindin sanda, kamar dai yadda muka taso muka gani. A inda gaɓar Nilu ta yi tsawo, Misirawa sukan jera jigo hawa-hawa, na ƙasa yana zuba wa na sama.

A nan yankinmu an san jigo a gaɓar kogin Yobe, da fadamun Haɗeja, da kwarin Rima a ƙasar Sakkwato, da bakin Jakara a Kano. Dalilin riƙonsa a bayyane yake. Alkama ba ta yi a ƙasarmu sai da sanyin hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Saboda haka kafin zuwan madatsun ruwa da fulawar kamfani, alkamar gida da ake alkaki da taliya da ita da ban-ruwan hannu ake noma ta. Haka albasar rani, da tattasai, da gauta, da taba.

Abin da Na Gani da Idona

Mahaifina yana da jigo a fadamar garinmu, ni ne kuma yaron da ke juya ruwa. Tun da asuba mukan fita, ƙafa cikin laka mai sanyi kamar ƙanƙara, tafin hannunsa duk kanta saboda igiya. Wanda ya ce aikin jigo daɗi gare shi, bai taɓa yin sa ba. Amma a farin 1973, da gero ya ƙone a gona, albasar wannan ɗan lambu ce ta sayo mana hatsi har damina ta zagayo.

Wani abin da nake nadama shi ne, na shekara da shekaru ina koyar da darasin na'urori masu sauƙi da hoton lilon katako na cikin littafi, alhali ga jigo nan tsaye a bayan makaranta, bai taɓa faɗo mini a rai in kai yara su gani ba.

Zuwan Inji

Bayan farin 1973 gwamnati ta mayar da hankali ga noman rani. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa, Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. A shekarun 1980 ƙananan injunan ban-ruwa masu shan fetur suka fara cika fadamu, shirin Fadama na ƙasa da aka soma a farkon shekarun 1990 kuma ya ƙara yaɗa su tare da ƙananan rijiyoyin burtsatse. Cikin ɗan lokaci jigo ya zama makamashi.

Babu mai musun alherin inji. Lambu ya faɗaɗa, tumatir da albasa suka riƙa cika manyan motoci zuwa Kudu, manomi kuma ya huta da ciwon baya. Sai dai jigo ya tafi da abubuwa biyu. Na farko, talakan da ba shi da ko sisi yana iya shiga daji ya saro itace ya kafa lambu. Yau kuwa sai da kuɗin inji, da tiyo, da mai. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, na ga manoma a fadamarmu sun rage fangalinsu, ga ruwa a ƙasa amma babu halin ɗago shi: rijiya ta bayar, guga ya hana. Na biyu, jigo ma'auni ne. Ba wanda ke ɗibar abin da ya fi ƙarfin damtsensa, don haka na sama ba ya shanye rabon na ƙasa. Inji bai san wannan iyaka ba, shi ya sa tafkin da a da kan kai bazara yanzu yake ƙafewa tun rani bai yi nisa ba.

Kammalawa

Ba ina kira a koma jan igiya ba ne, musamman yanzu da injuna masu aiki da hasken rana suka fara shigowa. Roƙona biyu ne. A samu dattawan da suka rage su kafa jigo guda a harabar makarantar firamare, a rubuta sunan kowane sashe nasa daga bakinsu. Sa'annan masu lambu su zauna da masu unguwanni su tsara rabon ruwa da ranakun ɗiba, domin iyakar da ƙarfin hannu ya sa wa kakanninmu, mu sai mun sa wa kanmu da shawara. In ba haka ba, za mu bar wa jikokinmu inji, mu bar su babu ruwan da zai ja.