3.2 Adawar Jama'a da Jam'iyyar FPÖ a Ƙasar Ostiriya, 1999-2002

A wannan sashe za a duba yadda mutanen Ostiriya suka tunkari ɗaukakar jam'iyyar FPÖ, mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa da ƙyamar baƙi, da kuma abin da adawar tasu ta haifar.

A zaɓen Oktoba 1999 jam'iyyar, ƙarƙashin jagorancin Jörg Haider, ta sami kashi 26.9 cikin ɗari na ƙuri'u, wato kujeru 52 daga cikin 183 na majalisar dokoki. Hankalin mutane da dama ya tashi, domin a 1991 Haider ya rasa kujerar gwamnan jihar Karintiya saboda ya yabi tsarin samar da aikin yi na gwamnatin Hitila.

Ranar 4 ga Fabrairu 2000 aka rantsar da gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin FPÖ da jam'iyyar ÖVP ta Wolfgang Schüssel. Saboda yawan masu zanga-zanga, ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ministocin suka bi zuwa fadar shugaban ƙasa. Ranar 19 ga watan, aƙalla mutum 150,000 suka taru a dandalin Heldenplatz na birnin Vienna, sannan aka ci gaba da fitowa kowace Alhamis. Haka kuma sauran ƙasashe 14 na Tarayyar Turai suka taƙaita hulɗa da gwamnatin har zuwa Satumba 2000.

Wannan matsin lamba bai tashi a banza ba. Shugaban ƙasa Thomas Klestil ya ƙi amincewa da mutum biyu da FPÖ ta gabatar don muƙamin minista, Haider kuma ya sauka daga shugabancin jam'iyyar. Sai dai gwamnatin ba ta faɗi ba. Abin da ya karya FPÖ shi ne rikicin cikin gida na 2002, wanda ya jawo sabon zaɓe inda kujerunta suka koma 18.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa zanga-zanga tana iya taka wa irin wannan jam'iyya birki, amma kujerar da ƙuri'a ta bayar, ƙuri'a ce kaɗai ke ƙwace ta. Shaida a nan ita ce, a zaɓen 2024 FPÖ ce ta zo ta ɗaya, da kujeru 57.