Bayani kan ciwon da ke bugun karnuka lokaci-lokaci

A garuruwa irin su Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara a jihar Zamfara, da maƙwabtansu na Bakura da Maradun, mafarauta da makiyaya da manoma kan ajiye karnuka domin farauta da kuma gadin dabbobi da gonaki.

Akan samu kare mai ƙoshin lafiya ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, bayan 'yan mintoci ya miƙe ya ci abinci. Sai an kwana biyu abin ya sake dawowa.

Da yawa kan ɗauka karen ya haukace ne. To amma likitocin dabbobi sun ce akwai cututtuka da dama da ke taɓa ƙwaƙwalwar kare, kuma sanin bambancinsu na iya ceton ran mutanen gida.

Yaya haukan kare yake?

Wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda ke cikin miyan dabbar da ta kamu. Tana shiga jiki ta hanyar cizo, ta bi jijiyoyi har zuwa ƙwaƙwalwa.

Takan yi makonni ko watanni a ɓoye. Amma da zarar alamu sun bayyana, kullum ciwon gaba yake yi, kuma karen kan mutu cikin kwanaki goma.

Wani karen kan yi ta yawo yana cizon duk abin da ya tarar. Wani kuma jikinsa ne ke shanyewa, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na dalala, har a zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Sa hannu a bakin irin wannan kare na da matuƙar haɗari.

Don haka karen da ya yi watanni ciwo na bugunsa yana sakinsa, da wuya a ce hauka ke damunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Kare na yin farfaɗiya?

Yana yi, kamar yadda mutum ke yi. Ita ce ma cutar ƙwaƙwalwa mai daɗewa da aka fi samu a karnuka, kuma wasu kan gaje ta.

Takan fara ne tsakanin wata shida da shekara shida da haihuwa. Bugun kan ɗauki minti ɗaya zuwa uku, karen ya sandare, wani lokaci ya saki fitsari, daga bisani ya tashi a ruɗe. Tsakanin wannan bugu da na gaba kuwa lafiyarsa lau.

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa zuwa ga mutum ko wata dabba. Likitoci kan rage yawan bugun da magani irin su fenobabiton, wanda akan ci gaba da ba karen har iya rayuwarsa.

Cutar distemfa

Wannan cuta dangin ƙyanda ce da kuma bushiya ta shanu, kuma ta fi kama 'yan kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba.

Tana farawa da zazzaɓi da kwantsa da majina da tari da gudawa. Makonni bayan an ɗauka karen ya warke, sai a ga ƙafarsa ko fuskarsa na fizga, ko yana tauna iska, ko yana tangaɗi.

Ba ta kama mutane, amma tana saurin yaɗuwa tsakanin karnuka, musamman idan aka haɗu wajen farauta.

Guba a gona da gida

A yankin da ake noman rani da ruwan madatsar Bakolori, magungunan feshi na cikin kayan aikin manomi. Karen da ya lashi maganin ƙwari irin su fiya-fiya, ko aka yi masa wankan kaska da shi, kan yi dalalar miyau da karkarwa da amai cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan.

Gubar dalma kuwa sannu a hankali take taruwa a jiki. Takan sa kare amai da ciwon ciki da haushi babu dalili da makanta da bugu lokaci-lokaci, abin da ya sa akan rikita ta da hauka ko distemfa.

A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta Medecins Sans Frontieres ta gano ɓarkewar gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 ne suka rasu.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mazauna ƙauyukan sun lura agwagi na raguwa tun kafin a gane abin da ke kashe yaran, sai dai ba wanda ya ɗauki hakan da muhimmanci.

Saboda haka idan dabbobi suka fara irin wannan ciwo a inda ake sarrafa ma'adinai ko fasa tsofaffin batura, ya kamata a kai yaran gidan a gwada jininsu.

Me ya kamata a yi?

Idan ciwon ya bugi kare, a nisantar da yara, kada a riƙe shi, kada a sa masa komai a baki. Bugun da ya wuce minti biyar, ko ya maimaita a yini ɗaya, na bukatar likita nan take.

Yana da kyau a rubuta ranar da abin ya faru da tsawonsa da abin da karen ya ci, a kuma ɗauki hoton bidiyo da waya, domin sau da yawa likita ba ya ganin bugun da idonsa.

Idan kare ya ciji mutum, ko da an san yana da farfaɗiya, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar domin allurar rigakafi. Allurar na aiki ne kafin alamu su bayyana. Bayan sun bayyana kusan babu mai tashi.

Shi kuma karen a tsare shi kwanaki goma ana lura da shi. Idan ya mutu ko aka kashe shi, kada a fasa kansa, domin a ƙwaƙwalwa ake gwajin cutar.

Ina ake samun taimako?

Ana iya farawa da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na yin gwajin haukan kare tana kuma samar da allurar rigakafinsa.

Masana sun ce yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi ya isa ya katse yaɗuwar cutar. Tun daga 2007 ake ware ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara domin wayar da kan jama'a a kanta, kuma burin hukumomin duniya shi ne a daina rasa rayukan mutane sakamakon cizon mahaukacin kare nan da shekarar 2030.